Ajiyar Auta a Ɗakin Gwaggo

Ranar da aka zo kama Gwaggo ina tsakiyar yi wa wata mata kitso a ƙofar ɗakina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, ita ma gajera, in an yi tari a can sai mu ce sannu a nan. Hantsi ya ɗaga, sai na ji ƙarar keken ɗinkinta ta tsaya cak, muryoyin maza suka maye gurbinta. Na bar kan matar nan rabi a tsefe, na fizgi mayafi na zagaya.

Jami'an hana fataucin ƙwayoyi ne, sun cika tsakar gidan. Auta suka zo nema, ɗan Maigida na ƙarshe. In an ce Auta kada ku ɗauka yaro ne. Ƙato ne mai gemu, sai dai har yau uwarsa ce ke wanke masa kaya. Tun da ya ji tsayuwar mota ya haura katanga ta baya. Sun birkice ɗakinsa, sun farke katifa, ba su samu ko ɓawon ƙwaya ba.

Babbansu ya nuna ɗakin da ke can ƙurya, wanda ke da kwaɗo a ƙofa. "Wancan ɗakin na waye?"

Gwaggo ta miƙe daga kan keke a baranda, awo rataye a kafaɗarta. "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wa ke riƙe da makulli?"

Ta sa hannu cikin riga ta zaro igiyar da ke wuyanta. "Ni kaɗai. Ko ƙuda ba ya shiga sai da izinina."

Wallahi da alfahari ta faɗa. Gwaggo ƙanwar Maigida ce, mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, ta dawo gidan yayanta tana ɗinki. Duk unguwa an san ta da riƙon ajiya. In ka ba ta ƙulli, yadda ka ƙulla haka za ka karɓi abinka. Ba ta buɗewa, ba ta tambaya, kuma ko wuƙa aka sa mata ba ta faɗin wanda ya ba ta. Cewa take yi, mai leƙa ajiya ɓarawo ne da bai samu dama ba. Ni kaina 'yan kunnena na gwal a wurinta suke kwana.

Da hannunta ta buɗe musu. Suka jawo kwali biyu daga ƙarƙashin gado, kowanne an naɗe shi da buhu, an ɗinke bakin da basilla, ɗinki mai kyau, tsaf. Ɗaya daga jami'an ya sa wuƙa ya farke. Kwalaben maganin tari irin wanda samari ke ɗirka suka zubo, da ƙullin ƙwayoyi ja da fari.

"Wa ya ɗinke buhun nan?"

"Ni," in ji Gwaggo.

"Kayan na waye?"

Ta dubi Maigida. Maigida ya tsura wa yatsun ƙafarsa ido kamar yau ya fara ganinsu. Matarsa, Maman Auta, tari ya taso mata, ta shige kicin.

"Ajiya ce," in ji Gwaggo.

"Ta wa?"

Aka sa mata ankwa a hannun da har yanzu zare ke naɗe a yatsarsa. Ko takalmi sai da na bi su da shi har mota.

Washegari na kai mata abinci ofishinsu. Na tarar Maigida ya riga ni, na gan shi yana fitowa yana gyara hula. Gwaggo na zaune a kan benci, babban yatsanta baƙi ƙirin da tawada.

"Me kika dangwala wa hannu?" na ce.

"Bayani. Cewa ɗakina ne, makullina ne, ɗinkina ne. Ai duk gaskiya ne."

"Sunan Auta fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya ya ce in rufa musu asiri. Auta na gab da samun aikin ofis, in sunansa ya shiga takardar nan shi ke nan. Ya ce ni mace ce, ga shekaru, kwana biyu za su sake ni. Ya san mutane."

"Gwaggo, ki gaya mini tsakaninki da Allah, kin san abin da ke cikin kwalin nan?"

"Ina zan sani, ƙawata? Cewa ya yi kayan gyaran babur ne zai aika wa abokinsa, in ɗinke masa kada su zube a mota. Maman Auta ce ma ta riƙe mini bakin buhun ina ɗinkawa. Da na gama ya ce motar ta tashi, in ajiye masa."

Uwa ta riƙe buhu, ɗa ya tsallake katanga, uba ya gyara hula, mai basilla tana kan benci.

Kwana biyun Maigida ba su ƙare ba har aka kai ta kotu, aka hana beli, aka wuce da ita gidan yari jiran shari'a. A nan aka ba ta lauya, irin waɗanda ke tsaya wa marasa hali. Wata mata ce siririya mai gilashi, ba ta da lokacin kwana-kwana. A gabana ta zaunar da Gwaggo.

"Mama, bari in gaya miki yadda dokar take. Kotu ba za ta tambayi wa ya sayi kayan nan ba, ko wa zai ci ribarsu. Abu biyu take dubawa. Na farko, a hannun wa suke, wato wa ke da iko da wurin da aka same su. Ɗaki naki, kwaɗo naki, makulli a wuyanki, ke kika buɗe. Wannan kin riga kin ba su shi a faranti. Na biyu, kin san abin da ke ciki? In an samu abu a kulle a wurinki, kuma da ɗinkinki a jikinsa, za a ɗauka kin sani, sai in kin kawo abin da zai nuna ba haka ba ne."

"To ai ban buɗe ba."

"Wa zai shaida?"

"Duk unguwa an san ba na buɗe ajiya."

"Halin kirki ba ya shiga ƙarƙashin gado, Mama. Ina son mutumin da ya ga lokacin da aka kawo miki, ya ji abin da aka ce miki yana ciki."

Na yi caraf na ce zan tsaya. Lauya ta tambaye ni ko na gani da idona. Ban gani ba, ranar na je kitso wata unguwa. Ta ce abin da Gwaggo ta gaya mini, da abin da kunnena ya tsinta ta katanga, ba zai ɗaga ko tsinke ba. Mutum ɗaya ake buƙata, wadda ta riƙe bakin buhu.

Daga can na zarce gidan Maigida. Na samu Maman Auta tana shanya rigunan Auta a igiya, tana ɗan waƙe-waƙenta.

"Maman Auta, magana ɗaya za ki faɗa a kotu, baiwar Allahn nan ta fito."

Ta matse riga ta yarfa. "Mai kitso, ke kin haihu, kin san zafin ɗa. In je in tsaya gaban alƙali in miƙa ɗana da bakina? Wace uwa ce za ta yi haka?"

"Ita fa?"

"Ita me ya rage mata? Ba miji, ba ɗa, ba jika. Can ma zama ne, nan ma zama ne. Shi kuwa yanzu rayuwarsa ta fara. Shekara nawa tana cin tukunyata ban taɓa yi mata gori ba? Ai ko jaki ka ciyar, ran da kaya ya taso shi zai ɗauka."

Tir! Matar da Gwaggo ta yi wa jinya a asibiti har ta kwashe mata fo, ita ce ke wannan magana. Kuma kayan makarantar duk yaran gidan nan, tun daga babban har Auta, a keken nan aka ɗinka su, ba a taɓa ba ta ko kuɗin zare ba.

Na juya wurin Maigida. Yana kishingiɗe a kujerarsa ta roba, rediyo a kunne, carbi a hannu.

"Ƙaddara ce, mai kitso," ya ce. "Abin da ya samu bawa ba zai kuskure masa ba. Ina nan ina buga waya. Manya na ciki, ki bar gaggawa."

"Yaushe za ka je ka duba ta?"

"Zuciyata ba za ta iya ɗaukar ganinta a wurin nan ba. Ke kin san ni da tausayi."

Auta kuwa da ƙura ta lafa ya dawo gida abinsa, har ya yi ƙiba. Na tare shi a bakin titi yana goge babur. Na ce masa bai ji kunyar Allah ba, matar da ta goya shi tana kwana a siminti saboda shi. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ni fa ajiya na ba ta, ban ce ta buɗe musu ƙofa ba. Da ta ce makullin ya ɓata, da duk ba a kai nan ba. Ni ma ai asara na yi."

Kun ji fa. Shi ma asara ya yi.

A gidan akwai Kaka, mahaifiyar Maigida da Gwaggo, tsohuwa tukuf, idonta ya kusa rufewa. A ɗan lungu kusa da kicin take kwana, tare da buhunan gawayi. Ranar kamun an kai ta asibitin ido, ba ta ji komai ba. Suka ce mata Gwaggo ta tafi jinyar wata 'yar'uwa a nesa. Kullum in ta ji motsina sai ta ce, "Mai kitso, 'yar nan ba ta yi waya ba? Na daina jin kekenta, gidan ya yi mini shiru." Maigida ya ja mini kunne, wai in na faɗa mata zuciyarta ta buga, alhakin yana wuyana. Alhaki! Bakinsa ma bai yi masa nauyi ba.

Ni da kitso nake gane halin da mace ke ciki. Wanda na yi wa Gwaggo kafin a kama ta shi ne a kanta har ya tsufa, ya tashi, ya dunƙule. Na roƙi mai gadin mata ta bar ni in tsefe mata a lokacin ziyara. Da na sa tsinke gashin ya riƙa biyo hannuna, ga ƙwarƙwata, ga furfurar da ban san ta da ita ba. Maganin hawan jininta ya ƙare, ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga. Farko in na je tambayata take yi, "Yaya ya ce yaushe?" Daga baya ta koma, "Yaya ya aiko?" Daga nan ta daina tambaya. Sai dai ta ce in leƙa kekenta, a ɗiga masa mai kada ya yi tsatsa, a rufe shi da zane.

Wata rana ina mata tsifa ta ce, "Ƙawata, akwai wata a ɗakinmu, a jakarta aka samu, ta mijinta ce. Akwai wata kuma a shagonta, ta ƙaninta ce. Na duba duk ɗakin, masu ajiya ne suka fi yawa. Masu kayan suna gida."

"To ki faɗi sunansa, Gwaggo. Don girman Allah ki faɗa."

"Ban taɓa tona ajiya ba."

"Wannan ba ajiya ba ce, rami aka haƙa aka ce ki riƙe murfin."

Amma ranar shari'a, da aka tsayar da ita tana dafe da katako saboda ƙafa, ta buɗe baki ta faɗi komai. Ta faɗi Auta, ta faɗi kayan babur, ta faɗi wadda ta riƙe bakin buhu. Tana faɗa tana kuka, kamar ita ce ta ci amana.

Mai gabatar da ƙara ya ɗaga takardar da ta dangwala wa hannu. "A nan kin ambaci wani Auta?"

"A'a."

"An doke ki ne kafin ki sa hannu?"

"A'a."

"To yau da kika ga uwar bari kika tuno da shi?"

Aka nemi Maman Auta, aka kawo takardar asibiti, wai tana kwance. Ni kuwa da safen nan na jiyo ta ta katanga tana daka. Sai aka kira Maigida a matsayin mai gidan da aka yi bincike. Ya sha farar riga, ya rantse.

"Wa ke shiga ɗakin wadda ake tuhuma?"

"Ita kaɗai, ranka ya daɗe. Ko ni da na gina ɗakin ba na shiga sai ta buɗe mini."

"Ka taɓa ganin ɗanka da kwalayen nan?"

"Ban taɓa ba."

"Kana da masaniyar abin da ke cikinsu kafin ranar?"

"Ni da iyalina ba mu san komai ba. Da na sani da ni zan fara kai rahoto."

Gwaggo ta ce, "Yaya." A hankali ta faɗa, sau ɗaya. Bai waiwayo ba.

Alƙali ya ce an samu kayan a wurin da ita kaɗai ke da iko da shi, da ɗinkin hannunta, kuma ba ta kawo shaidar da za ta nuna ba ta san abin da ke ciki ba. Ya ce ya duba shekarunta ya sassauta, ya ba ta shekara biyar. Ban ga laifin alƙali ba, abin da aka sa masa a gaba shi ya auna. Doka ta tambayi wa ke da makulli, ta samu amsa. Ta tambayi wa ya sani, mutum uku suka haɗiye amsar suka koma gida cin abinci. A bakin kotu Maigida ya tare ni yana share ido da hannun riga, wai mu ci gaba da addu'a. Na tofar da yawu a gefen takalminsa na wuce.

Na daina shiga gidan. Amma a ziyarar da ta biyo baya Gwaggo ta sake roƙona a kan keken nan. Yanzu da sanda take fitowa, idonta ɗaya ya fara hazo. Ta ce in ta fito, da shi za ta ci abinci, don ba za ta ƙara zama a gidan kowa ba. Na yi mata alkawari zan ɗauko shi in ajiye a wurina.

Da la'asar na shiga da 'yar kwalbar mai a hannu. Suna tsakar gida su duka, Maigida a kujerarsa, Maman Auta na tsince shinkafa, Auta na danna waya. Keken ba ya baranda. Na tambaya, Maman Auta ta ce an sayar, wai an yi hidimar shari'a da kuɗin. Shari'ar da lauyarta ma kyauta ce.

Ina shirin juyawa sai na ga ɗakin Gwaggo a buɗe, an yi masa sabon fenti. Na leƙa. Kaka ce zaune a bakin gado, tana shafa katifa da tafin hannu, fuskar nan cike da murna.

"Mai kitso ce? Shigo ki ga arziki! Na rabu da gawayi. Sun ce in zauna a nan kafin 'yar nan ta dawo." Ta lalubo wuyanta ta zaro igiya. Sabon makulli ne ke lilo a jiki. "Auta ne ya rataya mini da hannunsa, Allah ya yi masa albarka. Ya ce ɗakina ne ni kaɗai, duk wanda ya tambaya in ce haka. Har ajiya ya ba ni."

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Kwali ne, naɗe da buhu. Ɗinkin duk ya karkace, hannun da bai iya basilla ba ne ya yi shi.

Ban san lokacin da na sa ƙafa na turo shi waje ba. Ban taɓa shi da hannu ba, na ɗauki karatu a wurin lauya. Da ƙafa na yi ta tura shi, ya fita ƙofa, ya gangara baranda, ya bi siminti yana ƙara, har na kai shi bakin ɗakin Maigida na danna shi ciki.

Ban buɗe shi ba. Ban ce ga abin da ke ciki ba, don ni kaina ban gani ba. Amma Maigida ya zabura har rediyonsa ya faɗi, yana ihu a fitar masa da shi daga ɗaki. Maman Auta ta kifar da tiren shinkafa ta ruga ta saka wa ƙofar gida sakata. Auta kuwa har ya kai ƙafa ɗaya kan katangar baya.

Na tsaya ina kallonsu, mutanen da suka ce ba su san komai ba.

Daga cikin ɗaki Kaka ta ɗaga murya. "Me ya faru ne? Ko 'yar nan ce ta dawo?"

Na dubi Maigida na ce, "Ga ta can tana tambaya. Ka ba ta amsa, ko ni in ba ta."